Kyanwa mai ciwon suga ta ƙi cin abinci: darasin da na koya bayan na kusa kashe tamu da hannuna

Duk wanda na gaya wa cewa kyanwar gidanmu tana da ciwon suga, dariya yake fara yi. Wani abokina da muke sayar da wake tare a kasuwar Bodija cewa ya yi, "Haba Alhaji, mutane ma ba su gama samun magani ba, sai mage?" Ban ga laifinsa ba, don ni ma da can ban san dabba na kamuwa da wannan ciwo ba.

Sai dai kyanwar nan ba baƙuwa ba ce a gidanmu da ke Sabo, nan Ibadan. Shekararta tara tana tsare mana buhunan hatsi daga ɓera. Tun da mahaifiyata ta dawo wurinmu da zama kuwa, ita ce abokiyar hirarta idan mun fita kasuwa, yara sun tafi makaranta. Hajiyar ita ma tana fama da suga. Na san gidajenmu da shagunanmu da yawa a nan Kudu akwai kyanwa, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da ya same mu, ko wani zai tsira daga kuskuren da na yi.

Yadda ciwon yake farawa

Abin da muka fara gani shi ne shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, da fitsari mai yawa, har tururuwa na taruwa a inda ta yi. Tana ci sosai amma tana ramewa. Daga baya tafiyarta ta canza, ta koma taka ƙasa da duk dunduniyar ƙafar baya maimakon yatsu.

Likitar dabbobin da muka je wurinta ta yi min bayani kamar haka. Akwai wata gaɓa kusa da tumbi da likitoci ke kira fankiriyas, ita ke fitar da insulin. Insulin ɗin shi ke buɗe wa suga hanya ya bar jini ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Idan ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin sa, sai suga ya taru a jini, ƙoda ta riƙa zubar da shi ta fitsari, ruwa ya bi shi. Jiki kuma yana cikin yunwa duk da ana ci, sai ya koma cin kitsensa da tsokarsa. Ciwon ya fi kama kyanwa mai ƙiba wadda ta manyanta, kuma ya fi yawa ga muzuru. Tamu mace ce, amma mun ƙibantar da ita da ragowar shinkafa da burodi da madara.

Gwaji ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, domin tsoro kaɗai na iya ɗaga sugan kyanwa mai lafiya ya haura sosai. Shi ya sa ake haɗawa da gwajin fitsari, da wani gwajin jini mai suna furuktosamin da ke nuna yadda sugan ya kasance a mako biyu zuwa uku da suka wuce. An tabbatar da ciwon, aka ɗora ta kan allurar insulin sau biyu a rana, awa 12 tsakani.

Daren da na yi kuskure

Mako uku muna tafiya lafiya. Ran nan da magariba aka ajiye mata abinci, ta shinshina ta juya baya. Na ce a raina magani ai ba a tsallake shi, na yi mata allura cikakkiya, na tafi na kwanta.

Wajen ƙarfe biyun dare Hajiya ta buga min ƙofa. Na tarar da kyanwar tana tangaɗi, tana faɗuwa, jikinta na rawa, idonta a buɗe amma kamar ba ta gani. Ni dai na rikice. Hajiya ce ta ce, "Kai, suganta ne ya faɗi, irin nawa ne. Ɗauko zuma." Ta lakata a yatsa ta shafa mata a dasashi. Muka ɗauko na'urar gwajin Hajiya muka gwada, ta nuna 41. Bayan 'yan mintuna ta ɗago kai, muka ba ta ɗan naman kaza ta lasa.

Da gari ya waye na sake gwadawa, sai ga shi ya haura 400. Na kira likita ina cewa maganin bai isa ba, a ƙara. Ta ce, "Alhaji, kada ka ƙara ko ɗigo. Ka kawo ta yanzu."

Ga abin da ya faru. Insulin aikinsa kwashe suga daga jini, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Idan ciki babu komai, sai ya kwashe har da wanda ƙwaƙwalwa ke buƙata. Sugan da ya yi sama yana lahani ne a hankali, cikin kwanaki da makonni. Wanda ya faɗi ƙasa kuwa yana iya kashewa a dare ɗaya. Idan ya faɗi haka, jiki na iya kare kansa ta hanyar sa hanta ta zubo sugan da ta ajiye, sai da safe ka ga lamba ta yi sama. Mai ganin wannan lamba kaɗai sai ya ƙara allura, daren gobe faɗuwar ta fi ta jiya muni. Wani lokaci abin da muke kira "suga ya ƙi daidaita" daga nan yake.

Ƙin cin abinci alama ce, a nemo dalilinta

Kyanwa mai suga yawanci mayunwaciya ce. Idan ta daina ci, to wani abu na daban ya shigo. Da likita ta buɗe bakin tamu, sai ga haƙori ɗaya ya ruɓe, dasashin ya kumbura. Ciwon ne ya hana ta ci, kuma kumburi ko ƙwayar cuta a ko'ina a jiki na rage ƙarfin insulin, shi ya sa lambobin ke hawa da sauka. Sauran abubuwan da ake dubawa su ne kumburin fankiriyas ɗin kanta, ciwon ƙoda, cutar mafitsara, da tashin zuciya.

Haɗari biyu ne ke jiran kyanwar da ta daɗe ba ta ci ba. Na farko, idan ta yi 'yan kwanaki babu abinci, musamman mai ƙiba, kitsen jikinta na kwarara ya cika hanta har ta kasa aiki. Alamarsa ita ce cikin kunne da farin ido da dasashi su koma ruwan ɗorawa, kamar mai shawara. Na biyu, idan babu isasshen insulin, jiki na ƙona kitse ya fitar da wani abu da ake kira kiton, wanda ke gurɓata jini. Alamarsa amai, kasala, bushewar jiki, da numfashi sama-sama. Akwai tsinken gwajin fitsari da ke nuna kiton, ana samun sa a manyan kemis. Idan ya nuna, ba maganar gida ba ce kuma, sai asibiti da ƙarin ruwa.

To ka ga inda wahalar take: ka yi allura cikakkiya kan ciki babu komai, suga ya faɗi, ka yi ta tsallake allura kwana da kwanaki, kiton ya taso. Mafita ita ce gwaji, ba ƙiyasi ba.

Ƙa'idar da muke bi yanzu

Abinci ne farko, gwaji na biyu, allura ta ƙarshe. Ba na taɓa sirinji sai na ga ta ci.

Gwajin ba shi da wuya. Ana ɗumama kunne da tsumma mai ɗumi, a soki gefensa da ɗan tsinken na'urar, a ɗauki ɗigo ɗaya, a danne da auduga. Sugan kyanwa mai lafiya yana kusan 80 zuwa 120 a ma'aunin mg/dL. Ga mai jinya, likitoci sun fi son ya riƙa yawo tsakanin 100 da 250 ko 300. Ƙasa da 60 haɗari ne. Idan na'urarka da mmol/L take ƙirga, ka ninka lambar sau 18. Na'urar mutane takan nuna ƙasa kaɗan da gaskiyar sugan kyanwa, don haka ka gaya wa likita wadda kake amfani da ita.

Na roƙi likita ta rubuta min a takarda abu uku: abin da zan yi idan ta ci rabi, abin da zan yi idan ba ta ci komai ba, da lambar da idan suga ya sauka ƙasa da ita ba zan yi allura ba. Takardar na manne a jikin firij. Kowa ya nemi tasa daga nasa likitan, domin adadin ya danganta da nauyin kyanwa da irin insulin ɗin. Idan ta tsallake ci sau biyu a jere, ko ta yi wuni da kwana ba ta ci ba, asibiti muke nufa.

Muna da littafi da muke rubuta lokaci, lamba, abin da ta ci, da yunit nawa aka yi. Lokaci-lokaci, ranar da ba na fita, ina gwada ta duk bayan awa biyu daga allurar safe zuwa ta dare, don a ga inda sugan ya fi sauka. Da wannan likita ke gyara adadi, rabin yunit ko ɗaya, sannan a jira kusan mako guda kafin a sake taɓawa. Mutum ɗaya ne ke yin allura a gidan. Idan kuma ta motsa ban tabbata maganin ya shiga ba, ba na maimaitawa, sai lokaci na gaba.

Yadda ake lallashinta ta ci

Kyanwa da hanci take ci. Ɗumama abincin kaɗan ƙamshinsa ya tashi. Ba ta kaɗan-kaɗan a faranti mai faɗi, a wurin da babu hayaniyar yara. Wani lokaci sai na lakata a yatsa ta lasa tukuna ta ci gaba da kanta. Dafaffen naman kaza, ko kifi titus da aka cire wa ƙaya, ko dafaffen ƙwai, ba gishiri ba magi, suna taimakawa wajen buɗe mata baki.

Abincin da ya dace da mai suga shi ne mai nama da yawa, mai ƙarancin sitaci. Na gwangwani da aka yi don kyanwa ya fi busasshe. Nama zalla ba ya ɗauke da duk abin da jikinta ke buƙata na dogon lokaci, don haka idan girkin gida za ka dogara da shi, likita ya tsara maka. Tuwo, shinkafa, burodi da madara mai suga mun daina. Amma ranar da ba ta ci, ba ranar canza abinci ba ce: ta ci wanda ta saba ya fi ta kwana da yunwa. Kuma idan ka rage sitaci, buƙatar insulin na raguwa, don haka kada ka canza abinci likita bai sani ba.

Kada a ɗura mata abinci da ƙarfi, tana iya shaƙewa, kuma sai ta tsani abincin. Akwai maganin tashin zuciya da na buɗe ciki da likita ke bayarwa, idan abin ya ƙi kuma ana sa mata siririyar roba ta abinci. Albasa da tafarnuwa guba ne ga kyanwa, suna lalata mata jini, saboda haka ban da miyar gida, ban da tsire da kilishi mai yaji. Farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Sirinji da zafi

Abu biyu ne ke rikita lamba ba tare da laifin kyanwa ba. Insulin ƙarfinsa iri biyu ne. Na dabbobi irin su Caninsulin yunit 40 ne a kowane mililita, na mutane irin su Lantus yunit 100. Kowanne da sirinjinsa, an rubuta U-40 ko U-100 a jiki. Ka zuƙi Lantus da sirinjin U-40, ka ba ta ninki biyu da rabi na abin da aka ce. Ka duba rubutun duk lokacin da ka sayo sabo.

Na biyu zafi. Insulin na son sanyin firij, digiri 2 zuwa 8, amma idan ya daskare ya lalace, haka ma idan ya sha rana. Mu da ake ɗauke mana wuta kwana biyu a jere, sai muka koma dabarar gida: kwalbar cikin roba mai murfi, robar cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa. Ba ta kai firij ba, amma ta fi barin sa kan taga. Idan lambobi suka tashi haka kawai, kafin ka zargi kyanwa ka zargi kwalbar.

Zuma kuwa kullum tana kusa. Idan suga ya faɗi, a shafa a dasashi, kada a zuba ruwa a bakin wadda ke shure-shure ko ta suma. Da ta farfaɗo a ba ta abinci, a kira likita, domin insulin ɗin yana nan yana aiki, sugan na iya sake faɗuwa.

Ga wanda bai san inda zai nufa ba, Jami'ar Ibadan tana da asibitin koyarwa na dabbobi, haka ma jami'ar noma ta tarayya da ke Abeokuta, ga kuma asibitocin kuɗi a Legas da sauran manyan garuruwa. Kuɗi na fita, ba zan ɓoye muku ba, tsinken gwaji ma kaɗai abin lissafi ne. Amma akwai abin ƙarfafa gwiwa: wasu kyanwoyin, idan aka kama ciwon da wuri aka gyara abinci, sukan kai matsayin da za a dakatar da allurar. Wannan ma dalili ne na ci gaba da gwaji, don adadin da ya dace a watan jiya yana iya yin yawa yau.

Tamu dai an cire haƙorin, bayan kwana huɗu ta koma ci, lambobinta suka lafa, har an rage mata allura zuwa yunit ɗaya. Yanzu da asuba Hajiya na gwada nata, in gwada na kyanwar, mu rubuta a littafi ɗaya, shafi daban-daban. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mutane da dabbobi.