Suri: Gaskiya da Ƙarin Gishiri Kan Ginin Gara

Suri gini ne na ƙasa da miyau. Gara tana tono yumɓu daga can ƙarƙashi, ta jiƙa shi a baki, ta dunƙula, ta ɗora curi kan curi har ya bushe. Wasu nau'o'in suna haɗawa da kashinsu. Shi ya sa ƙasar suri ta fi ta gefenta danƙo, kuma masu ɗibarta don yaɓe da daɓe sun san abin da suke yi. Amma cewa ta kai siminti ƙarfi ƙarin gishiri ne. Siminti idan ya kama ya kama, suri kuwa bushewa kawai yake yi. Damina tana cin sa, garar ce ke ta gyara, kuma da zarar ta mutu ginin ya fara zubewa.

Ana kuma ɗauka cewa tudun shi ne gidan. A wajen manyan gara masu noman naman gwari, uwar gara da gonakinsu suna gindin surin ko ƙarƙashinsa. Saman hanyoyin iska ne, bangon ma cike yake da ƙofofin da ido ba ya gani.

Zancen da ya fi yaɗuwa shi ne suri na'urar sanyaya ɗaki ce mai riƙe zafi guda duk shekara. Wani masani, Martin Lüscher, ya bayyana a 1961 cewa ɗumin garar ne ke juya iskar ciki, kuma irin wannan tunani ya shiga zanen ginin Eastgate na birnin Harare da aka buɗe a 1996. Amma awon da wani masanin, Scott Turner, ya yi a Namibiya ya nuna zafin gidan yana bin na ƙasar da ke kewaye da shi, yana hawa yana sauka da yanayi. Aikin tudun ya fi kusa da na huhu: fitar da gurɓatacciyar iska, shigo da sabuwa.

Batun arziki a ƙarƙashin suri yana da tushe, domin ma'adanan da gara ta turo sama sun taimaka wajen gano lu'ulu'un Jwaneng a Botswana. Sai dai gara tana kawo abin da ke wurin ne kawai, galibin suri yumɓu ne zalla.

Kuma ba kowane suri ne mai hanyoyin iska ba. Tuddai kusan miliyan 200 na arewa maso gabashin Brazil, waɗanda wasunsu suka kusa shekara 4,000, tarin ƙasar da gara ta zubar ne wajen haƙar ramukanta.