Faɗin Bakin Bindigar Toka: Abin Dubawa Kafin A Biya Maƙeri

Da zarar an kawar da amfanin gona a ƙasar Gombe, ciyawa ta bushe, sai hankalin maharba ya koma daji. A irin wannan lokaci ne 'yan'uwanmu da ke neman abinci a Ikko da Badun da Fatakwal kan sami saƙo daga gida, ƙane ko ɗa yana roƙon a taimaka masa da kuɗin bindiga. Mutumin Hammadu Kafi da ke gadi a Agege zai aika da abin da ya samu, amma da wuya ya tambayi wace iri za a saya. Tambayar kuwa ta kamata, domin a bindigar toka, watau wadda ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki, faɗin bakin nan ne ke nuna naman da za ta iya kayarwa, har ma da ko mai ita zai dawo gida da yatsunsa.

Wannan bindiga ta bakin teku ta shigo mana. Har yau Turawa suna kiranta da sunan mutanen Danmak, waɗanda suka yi ciniki a Ankara ta ƙasar Gana kafin su sayar wa Ingilishi wurarensu a 1850. A 1890 kuwa ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Burussel cewa kada a riƙa sayar wa baƙar fata bindigogin zamani, sai dai masu ƙyastu da albarushi. Ita ce ta wanzu a hannun talaka, maƙeranmu suka koyi gyaranta, daga baya suka shiga ƙera tasu. To, amma maƙeri ba ya rubuta lamba a jikin bindiga. Bututun da ya samu shi ne ma'auninsa.

Turawa suna da awo iri biyu. Na farko, a ɗauki darma fam guda a raba ta kashi 12 daidai, a mulmula kowane kashi. Bindigar da ƙwallo ɗaya ya cika bakinta ita ce lamba 12, faɗinta wajen milimita 18 da rabi. Lamba 20 ba ta kai milimita 16 ba. Ashe ke nan idan lamba ta hau, baki tsukewa yake yi, abin da kan ruɗa mutane da yawa. Awo na biyu da inci ake yinsa. Maharban Amurka masu sha'awar bindigar ɗuri kan ɗauki mai kashi 32 cikin 100 na inci don kurege da zomo, mai rabin inci don barewa, wadda ta ɗara haka don manyan namun daji.

Mai karatu kada ya ɗauki wannan tsari ya ɗora wa tamu. Tasu akwai zane murɗaɗɗe a cikin bututu, mai juya harsashi ɗaya tak ya tafi sak. Tamu sumul take. Saboda haka a wurinmu mai farautar zabi da fakara da zomo shi ne ma ya fi bukatar baki mai faɗi, don ya ɗura ƙananan ƙwayoyin darma da yawa su watsu su rufe wuri. Tsukakken baki ba ya ɗaukar isassu, sai ka ga zabo ya bar gashi ya tashi.

Wajen gada ko gadu, harsashi ɗaya ake so, kuma nauyinsa ne ke aiki, tun da albarushi ba ya tura shi da saurin na bindigar soja. Ƙwallon darma na rabin inci bai wuce giram 12 ba, na lamba 12 kuwa ya kusa giram 38, ya ninka shi sau uku ke nan. Sai dai lalle ƙwallon ya zauna daidai da bakin. Idan ya yi lako-lako, yana fita yana karo da bangon bututu, ya nufi inda ya ga dama. Ko ya zauna daidai ma, in nama ya wuce yadi 50, harbin ya zama na sa'a, ƙarshenta a raunata dabba ta je ta mutu a banza cikin sarƙaƙiya.

Ga inda haɗarin yake. Samari suna son a ce bindigarsu ƙatuwa ce, in ta tashi unguwa ta amsa. Amma babban baki yana cin albarushi da darma, yana dukan kafaɗa, kuma bututu biyu masu kaurin ƙarfe ɗaya, mai faɗin shi ne zai riga fashewa. Bututun famfo, wanda aka naɗe aka liƙe ta gefe, don ruwa aka yi shi, ba don wuta ba. A ganina gara matsakaicin baki mai kaurin jiki da ƙaton baki mai jikin gwangwani. Haka nan masu ɗura guntayen rodi da ƙusoshi maimakon darma, ƙarfe ba ya lotsawa, yana iya cijewa a hanya. Wanda ya fi duka muni shi ne mai farke harsashin zamani ya juye garinsa a bindigar toka. Ƙarfinsa ya fi na albarushi nesa ba kusa ba, ɗuri ɗaya ya isa ya tarwatsa ta a fuskar mai ita.

Sa'an nan akwai hukuma. Dokar Bindigogi ta 1959 ta ambaci bindigar ɗuri da sunanta, ta kuma hana ƙera bindiga sai da izni. Kafin kuɗi su bar hannunka, ka sa a je ofishin 'yan sanda a ji sharuɗɗan lasin. A kuma gaya wa yaron cewa Yankari, da ke maƙwabtaka a Jihar Bauchi, tun 1956 aka keɓe ta, wanda aka kama da bindiga a ciki kotu zai kwana, ko wane irin baki gare ta.