Rawar Taron Sikotlan: Auna Wuyarta da Zaɓa Mata Kiɗa

(Sautin goge da akodiyan, sannan a rage)

Shirinmu na yau zai kai mu Sikotlan, can arewacin Birtaniya, inda ake wata rawar taro, maza a sahu ɗaya, mata a ɗaya, suna fuskantar juna. Yawanci mutum takwas ne ke haɗa rukuni. Da me ake gane rawa mai wuya, kuma wane kiɗa ne ya dace da ita?

A shekarar 1923 Jean Milligan da Ysobel Stewart suka kafa ƙungiya a Gilasgo don kada rawar ta ɓace. A 1951 Sarki George na Shida ya ba ta laƙabin sarauta. Yau ana kiranta RSCDS, hedikwatarta na Edinbara, kuma tana da rassa har Kanada da Japan. Littattafanta ne suka daidaita taku da tsarin rawar.

Kiɗan kashi uku ne: ril da jig masu sauri, sai sitaraspe mai tafiyar ƙasaita, wanda ya samo suna daga kwarin kogin Spey. Baƙo zai zaci mai saurin ne mai wuya. Ina! A sitaraspe sai ka rusuna da gwiwa, ka miƙa ƙafa, ka jawo ɗayar a hankali ba tare da ka yi tangaɗi ba, kuma duk kuskurenka a idon jama'a yake. Ga shi yana cin kusan minti takwas, alhali ril bai cika kai biyar ba.

(Kiɗa)

Malaman rawar kan duba abubuwa uku: yawan fasalin da za a haddace, yadda ƙarshen wani fasali ke shiga farkon wani, da kuma ko mai rawa na samun sararin numfasawa. Ku ɗauki rawar Mairi's Wedding da James Cosh ya tsara a 1959. Takunta sananne ne, amma biyun da ke jagora ba su da tsayawa: sai sun saƙa ta kusurwa huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Mutum guda ya karkata hagu maimakon dama, rukunin duka ya watse. Hugh Foss kuwa, wanda ya yi aikin warware saƙonnin sirri a Yaƙin Duniya na Biyu, ya tsara raye-rayen da wasu ke fara fasali bayan wasu sun riga sun yi nisa a cikinsa, don haka kallon na kusa da kai ba zai cece ka ba.

A nan makaɗi ke shigowa. Yawancin raye-rayen gaɓar kiɗa 32 ne, an kasa su takwas-takwas, ana maimaitawa sau takwas. Kunnen mai rawa na jiran ƙarshen kowace takwas don ya san lokacin sauya fasali. Mairi's Wedding gaɓa 40 ce. In aka buga mata kiɗa mai 32, ƙafa da kiɗa sun raba hanya. Galibin raye-rayen na da takensu, kamar yadda manyan ƴan dambe ke da nasu. Da shi ake buɗewa, sannan makaɗa su haɗo biyu ko uku masu kama da shi, sau da yawa daga kiɗan Niel Gow, wanda ya rasu a 1807, ko James Scott Skinner.

Mai tsara taron dare kan fara da rawa mai sauƙi don jiki ya saki, ya riƙa cuɗa jig da sitaraspe da ril, ya guji jera masu wuya biyu, ya rufe da wadda kowa ya sani. Rawar da ta fi ƙarfin jama'a ba ta ƙara wa taro daraja, kujeru kawai take cikawa.

A nan za mu dasa aya.