"Tsohon banza": Zagin dattawa a teburin mai shayi da abin da doka ta ce

Babu mashaya a fili a Gwaram, tunda Jigawa na bin Shari'a. Maza kan haɗu ne a teburin mai shayi da gidan kallon ƙwallo, kuma a nan ne wani lokaci matashi ke ce wa sa'an mahaifinsa "tsohon banza" don sun saɓa kan siyasa ko wurin zama.

A Birtaniya, tun daga Oktoban 2012 doka ta haramta wa mai mashaya da ma'aikatansa wulaƙanta mai saye saboda shekarunsa. A Najeriya kuwa, sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci ƙabila, jinsi, addini da ra'ayin siyasa, ya tsallake shekaru.

Duk da haka dattijo na da mafita. Dokar final kod ta ɗauki zagi da gangan mai iya tayar da husuma a matsayin laifi, dokar VAPP da Jigawa ta amince da ita a 2021 kuma ta hana cin zarafi da baki. Wuyar aikin ita ce shaida: waɗanda suka ji zagin galibi maƙwabtan iyayen yaron ne, shi ya sa ƙorafin kan tsaya a zauren mai unguwa ba ya isa kotu.