Yaushe Sabon Ɗan Wasa Yake Isa Ya Tsare Katanga?

Kowace shekara, wajen ƙarshen watan Afrilu, manyan ƙungiyoyi 32 na ƙwallon zari-ruga irin na Amurka sukan zauna su zaɓi sababbin 'yan wasa daga cikin samarin da suka fito daga jami'o'i. Da an gama zaɓen sai gardama ta kaure a gidajen rediyo da jaridu: shin wane ya isa a sa shi a fili tun wasan farko, ko kuwa a bar shi ya ƙara nuna? Gardamar takan fi zafi a kan ƙattin nan da ake jerawa a sahun gaba. Mun ga ya dace mu kawo wa masu karatu wannan zance, domin tambaya ce da iyaye da malamai da dattawan ikkilisiya suka saba da ita, ko da ba su taɓa ganin wasan ba.

Bari mu fara da bayyana yadda wasan yake. Kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama 4 su ci gaba da yadi 10, ko ta gudu da ƙwallon a hannu, ko ta jefa wa ɗan'uwa. In sun kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Mai jefa ƙwallon shi ne madugu, a gabansa kuwa akwai ƙatti 5 da suke tsayawa kafaɗa da kafaɗa, waɗanda za mu kira 'yan katanga. Aikinsu biyu ne: su tare masu kawo wa madugu farmaki, su kuma buɗe wa mai gudu hanya. Ban da na tsakiya, wanda yake miƙa wa madugu ƙwallo, ɗan katanga yana iya gama shekara guda bai taɓa ƙwallo ba. Ba a cika jin lambarsa a bakin alƙalin wasa ba sai ya yi laifi. In ya motsa kafin a miƙa ƙwallo, a ci ƙungiyarsa tarar yadi 5. In ya riƙe abokin karawa ba bisa ƙa'ida ba, tarar yadi 10 ke nan.

Wasu daga cikin dattawanmu za su tuna da Christian Okoye, mutumin Inugu, wanda ya ci yadi 1,480 a guje a kakar 1989 yana wa Kansas City Chiefs wasa, ya fi kowa a shekarar. Duniya ta yi ta yabonsa, ya kuwa cancanta, amma kowane yadi da ya ci sai da 'yan katanga suka fara ture masa mutane daga hanya.

Wurin da ya fi kowane wuya shi ne ƙarshen katanga ta hagu. In madugu na-dama ne, sa'ad da ya ja da baya zai yi jifa yakan juya wa hagu baya, ba ya ganin abin da yake tahowa. Wanda aka sa a wurin shi ne idonsa na ƙeya. Jifar takan ɗauki abin da bai kai daƙiƙa 3 ba, kuskuren taki ɗaya kuwa ya isa a kwantar da madugu a asibiti. Shi ya sa tambayar ko sabon shiga ya isa ba ta wasa ba ce, lafiyar wani ce ake ɗora masa a wuya.

To, da me ake gane ya isa? Labarin mutum biyu zai taimake mu.

Na farko shi ne Tony Mandarich, haifaffen Kanada, wanda ya yi wasa a Jami'ar Jihar Mishigan. A 1989 mujallar Sports Illustrated ta buga hotonsa a bangonta ba riga, ƙirji kamar rumbu, ana cewa ba a taɓa ganin ɗan katanga irinsa ba. Nauyinsa ya haura kilo 140, ga shi da gudu. Green Bay Packers suka zaɓe shi na 2 a dukan ƙasar. Ya ƙi zuwa sansanin horo saboda gardamar kuɗi, sai dab da fara kakar wasa ya sa hannu. Da ya shiga fili sai aka ga abin da hoto bai nuna ba. A jami'a ya saba ture yara da ƙarfin tuwo, a nan kuwa ya tarar da manya masu dabara da saurin ƙafa, suna kewaye shi suna wucewa. A 1992 ƙungiyar ta sallame shi. A 2008 shi da bakinsa ya amsa cewa ya yi amfani da magungunan ƙara ƙarfi a jami'a, ya kuma faɗa cikin jarabar giya da ƙwayoyin kashe zafi. Sauran mutum huɗu da aka zaɓa cikin biyar na farko a shekarar, wato Troy Aikman, Barry Sanders, Derrick Thomas da Deion Sanders, duk sun shiga zauren girmamawa na wasan. Ba mu faɗi wannan domin mu yi masa dariya ba. Ya nemi magani, ya rabu da jarabar, ya dawo ya yi wa Indianapolis Colts wasa daga 1996 zuwa 1998 cikin tawali'u, abin da ba kowa yake iyawa ba.

Na biyu shi ne Jordan Mailata, wanda aka haifa a 1997 a Sidni ta ƙasar Ostireliya, iyayensa mutanen Samowa. Ragbi ya taso yana yi, har ya buga wa matasan South Sydney Rabbitohs, amma aka ce ya yi nauyi da yawa ga wannan wasa. Tsawonsa ƙafa 6 da inci 8, nauyinsa ya haura kilo 150. Aka kai shi Fulorida ya yi 'yan watanni yana koyon abin da yaran Amurka suke koya tun suna firamare. A 2018 Philadelphia Eagles suka zaɓe shi a zagaye na 7, wato na ƙarshe, shi ne mutum na 233, alhali bai taɓa buga wasan ba ko sau ɗaya.

Shin ya isa? Ko kusa. Ƙungiyar ta san haka, shi ma ya sani, sanin nan kuwa shi ya cece shi. Aka danƙa shi a hannun Jeff Stoutland, wanda ya kama aikin horar da 'yan katangar Eagles a 2013. A kakar 2018 da ta 2019 Mailata bai shiga wasan gasa ko ɗaya ba, ciwon baya kuma ya kwantar da shi a shekarun biyu. Yana nan yana koyon inda ake aje ƙafa, yadda ake ja da baya ba tare da an miƙe tsaye ba, inda ake sa hannu a ƙirjin abokin karawa, da yadda ake karanta tsayuwar masu farmaki kafin su motsa. Yana kallon Jason Peters, tsohon hannu da ya daɗe yana tsaron hagu. A 2019 ma ƙungiyar ta zaɓi Andre Dillard na 22 domin ya gaji wurin, alamar cewa ba a sa ran Mailata ba.

A 2020 Dillard ya ji rauni a hannu, Peters ma ya ji rauni. A watan Oktoba aka sa Mailata ya fara wasa a karon farko, a karawa da San Francisco 49ers, Eagles kuwa suka yi nasara. A 2021 ya karɓe wurin gaba ɗaya, aka ba shi kwangilar shekara 4 ta dala miliyan 64. A watan Fabrairu 2023 suka kai wasan ƙarshe, wanda ake kira Super Bowl, Kansas City ta cinye su da ci 38 da 35. A kakar 2024 Saquon Barkley ya ci yadi 2,005 a guje a bayan katangar da Mailata yake ciki, ranar 9 ga Fabrairu 2025 kuma suka rama, suka ɗauki kofin da ci 40 da 22. Sa'ad da 'yan wasa suke faɗin jami'arsu a talabijin, shi da bai yi wasa a jami'a ba yakan ambaci sunan malaminsa a matsayin jami'ar da ya yi. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Kada a ɗauka muna cewa kowane sabon shiga sai ya jira shekara biyu. Anthony Muñoz, wanda Cincinnati Bengals suka zaɓa na 3 a 1980 duk da ciwon gwiwa da ya sha a jami'a, ya kama tsaron hagu tun shekararsa ta farko, ana kuma lissafta shi cikin mafi iyawa a tarihin wasan. Abin da muke cewa shi ne, ba ma'auni ba ne yake nuna isa, ba kuma lambar da aka zaɓi mutum ba. Masu horo sukan duba ko ƙafarsa tana tafiya daidai in ya gaji, ko ya san aikin na kusa da shi kamar nasa, ko jikinsa zai jure wasa 17 a kaka maimakon 12 da ya saba a jami'a, da kuma yadda yake karɓar gyara in an nuna masa kuskurensa a gaban 'yan'uwa. Duk waɗannan ba a ganinsu a hoto, sai an gwada.

Zancen ya shafe mu kai tsaye. Osi Umenyiora, ɗan asalin Nijeriya da ya ci kofi sau biyu da New York Giants, ya yi ta neman samari masu girman jiki a Afirka, a 2022 aka yi sansanin gwaji a Akkara ta ƙasar Gana. A shekarar ce Giants suka ɗauki Roy Mbaeteka, ɗan katanga daga Nijeriya, wanda shi ma bai yi wasan a makaranta ba. Saurayin da ya ji labarin miliyoyin Mailata, ya kamata ya ji labarin shekara biyu da ya yi a gefen fili, ya kuma san cewa kowace ƙungiya mutum 53 kawai take riƙewa, yawancin masu gwaji gida suke komawa. Iyaye, kada yaro ya bar karatu ko sana'a saboda wani ya yaba tsayinsa.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu a duhu ba. A 1 Sama'ila sura 17, sarki Saul ya sa wa Dawuda kayan yaƙinsa, Dawuda ya tuɓe su domin bai saba da su ba, ya ɗauki majajjawar da ya gwada a jeji sa'ad da yake kiwon tumaki ba mai kallonsa. A 1 Timoti sura 3, Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti kada a ba sabon tuba shugabanci, don kada girman kai ya kā da shi, masu hidima kuma a fara gwada su tukuna. Sau nawa muka ga saurayi mai murya da baiwar magana, muka ɗora masa ajiyar kuɗi ko shugabancin matasa cikin wata shida, da ya faɗi muka zarge shi shi kaɗai? Laifin har da namu, da muka sa shi tsaron hagu ba tare da mun ba shi malami ba.

Saboda haka muna roƙon dattawa su ɗauki matasa a kusa da su, su koya musu da haƙuri, su kuma ba su wuri in lokaci ya yi. Ku kuma matasa, kada ku raina kwanakin zaman benci. Ubangiji ya ba mu hikimar sanin lokaci. Amin.