Malamin Ƙididdiga da Gonar Manomi: Misali Daga Ƙasar Funtuwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a ɗan yi tsokaci a kan aikin malamin ƙididdiga a jami'a. Akan kasa aikin nasa gida uku, wato koyarwa da bincike da duba ɗaliban digiri na biyu da na uku. Mu a nan Sashen Hausa mukan ɗauka cewa wannan fage ne na alƙaluma zalla, ba ruwansa da harshe. A ganina wannan kuskure ne.

Shi kansa wannan ilimi a gona ya yi wayo, domin a 1919 ne R. A. Fisher ya kama aiki a tashar gwajin noma ta Rothamsted a Ingila, inda ya tsara hanyoyin gwaji waɗanda har yau ake koyarwa. Mu ma a nan gida gona ce ta gwada masanan. A 1975 aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, kuma ya haɗa har da ƙasar Malumfashi. Tambayar da ta taso ita ce, shin taki da sabon irin masara sun ƙara amfanin gona? Tun da ba a iya auna kowace gona, dabarar da aka saba ita ce a zaɓi wasu ta hanyar ƙuri'a, a yanki ɗan fili a cikinsu, a girbe, a auna.

A kan allo abin da sauƙi. To amma manominmu yakan haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, kuma ba rana ɗaya ake girbinsu ba. In an tambaye shi, da dami zai ba da amsa, alhali damin wani ya fi na wani. Bugu da ƙari, har zuwa 1979 da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, baƙo mai biro da takarda abin tsoro ne a ƙauye.

Babbar matsalar ma ta kalmomi ce. In takardar tambaya ta ce “gida”, me take nufi? Duk wanda ke cikin danga, ko masu ci daga tukunya ɗaya? In ta ce “gonarka”, gandu ake nufi ko gayauna? Uwa kuwa ba ta ambaton sunan ɗan fari saboda kunya, mai tambaya marar lura sai ya tsallake shi. Babu lissafin da zai gyara amsar da aka karɓa a karkace.

Saboda haka malamin da ke duba ɗalibin babban digiri bai gama aikinsa ba don ya koya masa lissafi. Wajibi ne ya tura shi Bakori ko Faskari ya gwada tambayoyinsa da Hausa a bakin manoma, ya dawo su zauna su gyara, kafin a buga takardun.