Me Ya Sa Batirin Mota Ke Mutuwa da Hunturu?

Da asubahin watan Janairu, a tashoshin motar Gwarzo da Kabo, sau da yawa akan ga yaran mota suna tura motar da ta ƙi tashi. Direbobi kan ɗora wa sanyi laifi, amma rabin laifin na zafin bazara ne.

A cikin batir akwai ɗakuna 6, kowanne da farantan dalma a cikin ruwan asid. Haɗuwar waɗannan sinadarai ce ke ba da lantarki, kuma sanyi yana rage mata sauri, kamar yadda yake kasalar da ƙadangare har sai ya sha hantsi. Sa'an nan baƙin mai yakan yi kauri, injin ya ƙara nauyi. Batirin da zafin Afrilu ya riga ya ƙafar masa da ruwa, ya ci farantansa, a nan yake kasawa.

Saboda haka sai a gwada shi da mita: cikakken batir yakan nuna bolt 12.6, wanda ya sauka zuwa 12.0 kuwa yana bukatar caji. A wanke farin garin da ke kawunansa da ruwan kanwa, kada ya shiga ciki. In ruwansa ya ragu, tataccen ruwa kaɗai za a ƙara.